Yadda Za a Ɗauki Nauyin Kuɗin Horon Yaro Mai Otizim a Damagaram

Iyayen da likita ya shaida wa cewa ɗansu yana da otizim, larurar da wasu ke kira galahanga, sukan fito daga asibiti da tambayoyi biyu: ina za a kai shi, kuma da wane kuɗi? Ba a iya amsa ta biyun sai an fahimci abin da ake shirin biya. Otizim yanayi ne na yadda ƙwaƙwalwar yaro ta ginu, yana shafar magana, da cuɗanya da mutane, da yadda yaro ke jin ƙara ko haske ko taɓawa, kuma har yau babu ƙwaya ko allurar da ke kawar da shi. Abin da ke taimakawa shi ne horo, wato a koya wa yaro ya nemi abin da yake so ba da kuka ba, ya ci abinci da hannunsa, ya shiga ban-ɗaki, ya iya zama cikin yara. Horo kuwa aikin shekaru ne. Saboda haka tsarin kuɗin da ya dace shi ne wanda gida zai iya ɗauka wata bayan wata har shekara uku ko huɗu ba tare da tukunya ta daina hawa wuta ba. Abin da za a tara sau ɗaya idan an sayar da gona ko fili yakan ƙare tun aikin bai yi nisa ba.

Kuɗin farko

Kafin a biya kowa kuɗin horo, a tabbatar da abin da ke damun yaron. Yaron da ya kai shekara biyu bai fara magana ba, kuma ba ya waiwayowa idan an kira sunansa, yana iya zama mai otizim, yana kuma iya zama kunnensa ne ba ya ji. A yankinmu ba a raina wannan zato na biyu, domin Damagaram tana cikin yankin da sanƙarau ke yawan ɓulla, an ga annobarsa a ƙarshen 2022 zuwa 2023, kuma sanƙarau yakan bar yaro da kurumta bayan ya tashi daga jinya. Tamowa mai tsanani da zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa su ma suna jinkirta girman yaro. Gwajin ji shi ne abu na farko da ya cancanci kuɗinku. Na biyu shi ne a gaya wa likita idan yaron yana sandarewa, ko yana zuba ido wuri ɗaya na ɗan lokaci ba ya amsawa, domin farfaɗiya ta fi yawa a tsakanin yara masu otizim, kuma ita tana da magani.

Hanyar da ta fi sauƙin kuɗi ita ce ta gwamnati: a fara daga likitar unguwa, a karɓi takardar turawa zuwa cibiyar kula da uwa da yaro ko Asibitin Ƙasa na Zinder, a nemi ganin likitan yara. Tun 2006 Nijar ta ayyana kula da lafiyar yara ƴan ƙasa da shekara 5 a matsayin kyauta a asibitocin gwamnati, sannan daga Satumbar 2024 an rage farashin ayyukan waɗannan asibitoci da rabi. Wannan yana nufin cewa shekarun yaro suna da daraja ta kuɗi. Idan ɗanku yana da shekara uku ko huɗu, kada ku zauna jiran ya yi baki da kansa kamar yadda kakanni kan ba da shawara. Ku yi duk ganin likita da gwaje-gwajen da ake buƙata kafin ya cika biyar. Ku riƙe karnen rigakafinsa da takardar haihuwarsa a jaka ɗaya, domin su ne shaidar shekarunsa. Ku kuma tafi da ɗan kuɗi a aljihu, saboda kyautar ba ta hana a rubuta muku maganin da babu shi a asibiti a ranar, kuma ba ta shafi asibitin kuɗi ba.

Akwai wata ɓarna da ake yi a wannan mataki da kyakkyawar niyya. Iyaye da yawa suna ganin ba a yi bincike ba sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa, har su matsa wa likita ya rubuta. Ba a gane otizim da sikana, ba a kuma gane shi da gwajin jini. Ana gane shi ne ta hanyar lura da yaro yana wasa da kuma yi wa iyaye tambayoyi masu yawa game da tasowarsa. Hoton ƙwaƙwalwa ko gwajin motsin lantarkinta suna da amfani idan likita ya ga wata alama dabam, kamar farfaɗiya ko rauni a ɓari ɗaya na jiki. In ba haka ba, kuɗin hoto ɗaya zai iya biyan horo na makonni. Abin da zai taimaki likita fiye da hoto yana cikin wayarku: ku ɗauki gajerun bidiyo na yaron yana cin abinci, yana wasa shi kaɗai, ana kiran sunansa, domin a ɗakin likita yara kan firgita su ɓoye halinsu na gida.

Lissafin da ya kamata a yi a rubuce

Bayan an tabbatar, miji da mata su zauna da littafi da biro. Kuɗin zama da ƙwararre kashi ɗaya ne kawai na abin da za a kashe. A rubuta kuɗin kabu-kabu ko adaidaita zuwa da dawowa, da kuɗin magani idan akwai, da kuɗin makaranta, da kiredin waya. A rubuta kuma abin da galibi ake mantawa da shi, wato cinikin da uwa za ta rasa. Matar da ke tuyar ƙosai da safe ko take ɗinki a gida, idan ta fita da yaro sau biyu a mako, ranakun nan biyu sun fita daga jarinta, kuma gidan da bai sa wannan a lissafi ba zai wayi gari yana gardama a kan kuɗin cefane ba tare da ya san inda giɓin ya fito ba.

Mu ɗauka, don misali kawai, an ce zama ɗaya sefa 5,000 ne, kuma a zo sau biyu a mako. Zama takwas ke nan a wata, sefa 40,000. Idan kuɗin zuwa da dawowa 500 ne, an ƙara 4,000. Jimla 44,000, alhali mafi ƙarancin albashi a Nijar sefa 42,000 ne. Magidanci mai irin wannan samu zai iya jurewa wata ɗaya ko biyu da taimakon ƴan'uwa, daga nan ya daina zuwa cikin kunya, abin da yaron ya fara koya kuma ya zube. Da farashin nan dai, zama biyu a wata zai tsaya a kan 11,000, wanda gidaje da yawa za su iya riƙewa shekara da shekaru. Tambayar ita ce ko zama biyu a wata zai yi wani amfani. Zai yi, idan an san abin da ake saye da shi.

Ku sayi ilimin, ya zauna a gida

Yaro yana farke kusan awa goma sha biyu a rana, kuma ko da an kai shi wurin ƙwararre sau biyu a mako, ragowar lokacin duka yana hannun uwarsa, da kakarsa, da yayyensa. A ƙasashen da ƙwararru suka yi ƙaranci, hanyar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauka ita ce horar da masu reno, har ta tsara wani shiri na koyar da iyayen yara ƴan shekara 2 zuwa 9 masu jinkirin tasowa, ta kuma fitar da shi kyauta a intanet a 2022. Nijar tana cikin irin waɗannan ƙasashe. Masu koyar da magana, waɗanda ake kira ortofonis, da masana halayyar yara kaɗan ne, kuma akasarinsu suna Yamai. Don haka idan kun sami ƙwararre, abin da ya fi riba shi ne ku biya shi ya koya muku, ba ya karɓi yaron ya rufe ƙofa ku zauna a waje kuna jira ba.

Ga yadda irin wannan aiki yake a tsakar gida. Yaro yana son kunu, kuma al'adarsa ita ce ya kamo hannun uwarsa ya ja ta har wurin kwano, ba ya kallonta. Uwar ta zuba kunun a kofi, ta durƙusa har fuskarta ta yi daidai da tasa, ta riƙe kofin kusa da kumatunta, ta yi shiru. A zuciyarta ta ƙirga zuwa biyar. Idan ya ɗaga ido, ko ya miƙa hannu, ko ya fitar da wani sauti ko da bai yi kama da kalma ba, nan take ta ce “kunu”, ta ba shi ya kurɓa sau ɗaya, ta janye kofin a hankali, ta sake jira. Kofi ɗaya ya zama darasi goma. Idan ya fara kuka ba a bar shi da yunwa ba, a kama hannunsa a nuna kofin da shi, a faɗi kalmar, a ba shi. Haka ake yi da wanka, da sa riga, da buɗe ƙofa. Yaron da magana ta yi masa nisa ana iya yi masa katunan hoto: a ɗauki hoton kofinsa, da bokitin wanka, da buta, da tabarmar barci, a wanke su a wurin mai hoto, a manna a kwalin sukari, ya riƙa miƙa katin abin da yake so. Kayan aikin ba su kai jikka biyu ba. Abin da ke da tsada shi ne idon da zai dubi uwar ya ce mata ta yi saurin ba shi, ko ta yi magana da yawa, ko lokaci ya yi da za a matsa zuwa mataki na gaba, kuma wannan idon ne ake biyan ƙwararre dominsa.

Ku faɗa masa ƙarfinku tun ranar farko, ba tare da jin nauyi ba. Uba yana iya cewa: “Malama, abin da za mu iya fitarwa a wata ke nan, kuma muna so mu daɗe muna zuwa. Yaya za ki tsara mana shi?” Mai aikin kirki zai girmama wannan magana fiye da alkawarin da za a saɓa bayan wata biyu. Ku nemi abubuwa uku. Uwa ko mai renon yaron ta kasance a cikin ɗakin kowane lokaci, har ta gwada da hannunta a gaban ƙwararren. A rubuta buri biyu ko uku da za a iya gani da ido cikin wata uku, misali yaro ya nemi ruwa da kati ko da kalma, ko ya zauna cin abinci na minti biyar. A kuma ba ku aikin gida a rubuce ko a murya ta waya. Ku tambaya ko ana rage farashi ga wanda ya biya na wata gaba ɗaya, amma kada ku biya na wata shida a dunƙule, domin ƙwararre yana iya samun canjin wurin aiki, kuma karɓo kuɗin da ya riga ya fita yana da wuya. Ku karɓi rasit a kowane biya. Bayan wata uku a buɗe littafi a duba burin da aka rubuta. Yara sun bambanta ƙwarai wajen saurin koyo, kuma rashin cika buri ba laifin kowa ba ne, amma wanda ba ya iya bayyana abin da zai sauya a tsarinsa, ko yake hana iyaye shiga, bai cancanci a ci gaba da biyansa ba.

Idan sai an yi tafiya, a auna hanyoyi biyu. Yamai tana da nisan kusan kilomita 900, tafiyar yini guda cur a mota, abin da ke da wahala ga yaron da hayaniya da cunkoso ke tayar wa hankali, ga kuma masauki da abinci. Amfaninta shi ne takardunku na Nijar suna aiki a can, kuma rahoton da za a rubuta muku da Faransanci zai karɓu a asibiti da makaranta a gida. Kano ba ta kai kilomita 300 ba, kuma a can ana samun mai yi wa yaro aiki da Hausa, wanda babban abu ne, domin koyar da magana ya fi kama jiki a harshen da ake yi a gida. Sai dai biya da naira ne, canji yana hawa yana sauka, kyautar ƴan ƙasa da shekara 5 ba ta ƙetare iyaka, iyakar ma tana iya rufewa kamar yadda ta rufe daga 2023 zuwa farkon 2024. Ko ina za a je, a ɗauki alkawarin ranar ganawa ta waya kafin a sayi tikiti, a nemi a haɗa zama uku ko huɗu cikin mako ɗaya, sannan a yi yarjejeniya cewa za a riƙa aika bidiyon aikin gida ta WhatsApp ana gyarawa, a kan kuɗin da aka amince da shi tun farko. Tafiya biyu a shekara da irin wannan bibiya sun fi ƙaura zuwa wani gari da barin sana'a.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Idan gidaje shida ko takwas masu irin wannan yaro suka haɗu, kuɗin motar mutum ɗaya da masaukinsa ya fi sauƙi a kan na iyalai takwas, don haka za su iya gayyato ƙwararre ya zo Damagaram ya yi kwanaki yana ganin yaran yana horar da iyayen tare. Ana samun juna a layin jiran likitan yara, ko ta hannun ƙungiyoyin nakasassu. A garin nan kuma akwai makarantar horar da malamai da ta horar da ma'aikatan lafiya, kuma ba a rasa matasan da suka gama suna jiran aiki. Iyaye suna iya ɗaukar ɗaya mai haƙuri da son yara, ya zauna a horon tare da su, ya riƙa zagaya gidajen a kan ɗan albashin da aka raba. Ba zai zama ƙwararre ba, kuma bai kamata ya kira kansa haka ba, amma yana iya riƙe aikin tsakanin zuwa da zuwa.

Inda kuɗin zai fito

A fara da haƙƙi kafin roƙo. Ma'aikacin gwamnati ya nemi takardar ɗaukar nauyi da ake bai wa ma'aikata da iyalansu don asibitocin gwamnati. Wanda yake da inshora a wurin aiki ya tambaya a rubuce ko ta haɗa da koyar da magana da ganin masanin halayya, da kuma iyakar abin da take biya a shekara, domin amsar baki a ofis ba ta zama hujja ranar neman mayar da kuɗi. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin nakasassu a 2008, ta kuma kafa doka mai lamba 2019-62 a Disambar 2019 kan shigar da su cikin al'umma, kuma tun shekarun 1990 akwai tanadin yafe musu kuɗin gwaji da na kwanciya a asibitocin ƙasa. Ƙofar shiga wannan ita ce ofishin kula da jin daɗin jama'a na asibiti, tare da rahoton likita da ya bayyana larurar yaron. Mai ƙaramin ƙarfi yana iya neman takardar shaidar rashin hali daga ma'aikatar magajin gari. Na san iyaye da yawa ba sa son a haɗa sunan ɗansu da nakasa, musamman da yake jikinsa lafiya lau yake, amma takarda ba ta sauya yaro, kuma amfaninta yana bayyana ne ranar da ya wuce shekara biyar. Irin waɗannan takardu suna cin sawu, don haka a fara nemansu da wuri, a kuma ajiye kwafin kowacce.

Sai dangi. Kuskuren da aka fi yi shi ne a yi shelar gaggawa, kowa ya kawo abin da ya samu sau ɗaya, a kashe, bayan wata uku a rasa fuskar komawa. Ya fi kyau a zaɓi mutum uku ko huɗu, baffa ko kawu ko wa da ke aiki a Yamai, ko ƙanin da ke ci-rani a Libiya ko Aljeriya, a nuna musu littafin lissafin, a nemi ƙaramin abu mai ɗorewa. Ana iya cewa: “Yaya, ba taimakon yau kaɗai nake nema ba. Idan za ka ɗauke mana kuɗin zama ɗaya kowane wata har shekara, ni zan ɗauki sauran.” Mutum ya fi sakin hannu idan ya san ainihin abin da kuɗinsa ke biya. A sa rana ɗaya a wata da za a riƙa turowa ta NITA ko Amana ko Al Izza, kuma lokaci lokaci a aika wa masu taimakon ɗan bidiyon abin da yaron ya koya. Game da zakka, uba ba ya ba da tasa ga ɗansa, tun da ciyar da shi da jinyarsa wajibi ne a kansa, amma ɗan'uwa mai hali yana iya ba da tasa ga ƙaninsa mabuƙaci, kuma masu bashi suna cikin rukunai takwas da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ambata. Limamin unguwa yana iya isar da buƙatar ga masu fitar da zakka ba tare da an tona asirin gida ba.

Ga uwa, adashi yana da amfani wajen manyan kuɗi da aka san ranarsu, kamar tafiya ko kuɗin makaranta a Oktoba, sai ta roƙi a sa kwasarta ta faɗo a watan. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda suka samo asali a Nijar a 1991, suna ba da ƙaramin rance, da yawansu kuma suna da asusun taimako na daban. A yi hattara da rance: bashi ya dace da abin da zai dawo da kuɗi, horon yaro kuwa ba ya dawo da kuɗi a ƙarshen wata. Idan za a ci bashi, a ci don ƙara jarin sana'a, ribar ta biya horon. Turkar rago ɗaya ko biyu don kasuwar Layya, da niyyar cewa kuɗinsu na yaron ne, hanya ce da gidaje suka saba da ita kuma tana iya ɗaukar nauyin tafiya guda. Manomi ya ware buhun yaron tun da kaka, ya ajiye shi zuwa lokacin da hatsi ya yi daraja. Keken ɗinki, da babur ɗin haya, da akuya mai haihuwa, da gona, su ne ke samar da kuɗin wata mai zuwa, kuma su ne abin ƙarshe da za a taɓa. Haka ma karatun babbar ƴa: cire ta daga makaranta don ta yi reno yana kama da sauƙi, amma shi ne biya mafi tsada a cikin duka.

Masu neman taimako a Facebook su tuna cewa hoton da aka saka ba ya gogewa, kuma yaron zai girma. A nuna rahoton likita ga wanda ya nemi tabbaci, amma kada a watsa bidiyonsa yana birgima yana kuka.

Ramukan da kuɗi ke zurarewa

Duk wanda ya yi alkawarin warkarwa cikin kwana arba'in ko wata uku, ya kuma yanka farashi, a riƙe aljihu. Addu'a da karanta Alƙur'ani a kan yaro abu ne da uwa da uba za su yi da bakinsu safe da yamma, kuma malamin kirki ba ya sharaɗin baƙin rago ko kuɗi masu yawa, ba ya dukan yaro ko turara masa hayaƙi a rufaffen ɗaki da sunan fitar da iska. Masu sayar da alkawari na zamani ma suna nan, kuma sun fi tsada: garin ƙarin kuzari da ake tallatawa a waya, allurar ƙwayoyin halitta a ƙasashen waje, zama a akwatin iskar oksijin, da abin da suke kira wanke ƙarfe daga jini, wanda yake da haɗari ga rai. Babu ɗaya daga cikinsu da aka tabbatar yana warkar da otizim. Hana yaro madara da alkama ba tare da shawarar likita ba shi ma yana ƙara kuɗin cefane, kuma ga yaron da dama abinci kala biyu ko uku kawai yake yarda ya ci, yana iya jefa shi cikin tamowa. Rigakafi ba ya kawo otizim, saboda haka kada a hana ƙannensa.

Magani yana da wurinsa. Likita yana iya rubuta irin su risferidon ga yaron da ke yi wa kansa ko wasu rauni sosai, amma wannan yana rage fushi ne kawai, ba ya koyar da magana, yana kuma sa ƙiba da barci, don haka yana buƙatar bibiya. A tambayi likita ko akwai jenerik, wanda sinadarinsa ɗaya ne da mai babban suna amma ya fi araha, a saya a farmasi, a guji na masu talla da ke yini a rana.

Game da makaranta, jardan ɗin unguwa, wato makarantar ƙananan yara, mai yara kaɗan da malama mai haƙuri ya fi makaranta mai tsada da ba ta son yaron. A gaya wa shugaban makaranta gaskiya kafin a biya, a nemi gwajin mako biyu na awa ɗaya ko biyu a rana, sannan a biya kuɗin zango ɗaya maimakon na shekara.

Idan wata ya zo da kuɗi suka yanke, kuma zai zo, kada a ɓace. A kira ƙwararren a faɗa masa, a nemi a mayar da zaman sau ɗaya a wata ko ta waya har abubuwa su daidaita, aikin gida kuma ya ci gaba yadda yake. Abu ɗaya ne ba a taɓawa ko da an dakatar da komai: maganin farfaɗiya, ga yaron da ke shan sa. Yanke shi farat ɗaya yana iya tayar da farfaɗiya mai tsawo da ke kai yaro gadon asibiti, don haka a ware kuɗinsa na wata guda gaba a cikin jakar takardun yaron, a sake saye tun saura na mako ɗaya.